Na Je Ɗauko Garba Daga Bakin Kwara

Tun da na dawo daga hutu ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk Juma'a bayan la'asar, in muka zauna a ƙofar shagon Alhaji Isa tela a unguwar Hindawiyya, nan Makka, sai wani ya ce, "Sabbak, wai da gaske ka ga giwa ido da ido?" Kafin in amsa wani ya jefo tasa tambayar. Na ba da labarin guntu-guntu har na fara rikita farkonsa da ƙarshensa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Sunana Mamman, mutumin Argungu. Shekara ashirin da biyu ke nan ina gyaran famfo a masaukan alhazai na Misfala, abin da ya sa ake kirana Sabbak kamar yadda Larabawa ke kiran mai wannan sana'a. Mahaifinmu basarke ne, a kan ruwa ya yi rayuwarsa. Ni na bar ruwan kogi na kama na bututu. Ƙanena Garba shi ya riƙe jirgi. Bayan rasuwar Baba ya koma wajen kawunmu a Gaya ta Nijar, daga can ya sami aiki a wani masauki da ke bakin Kwara, daura da gandun dajin da aka keɓe wa namun daji, inda baƙi ke zuwa kallo.

Gaskiya abin bai taɓa kwanta mini ba. Magidanci mai 'ya'ya uku ya ƙare a yawo da Turawa suna kallon biri? Don haka da kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ce yana neman amintaccen mutum da zai kula da tankunan sabon gininsa, nan take na roƙar wa Garba. Ya amince, amma ya ce in kawo fasfonsa in zan dawo daga hutu, in ba haka ba zai ba wani. Na buga wa Garba waya ina murna. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya, ka zo dai tukuna ka ga wurin." Ni kuwa na ɗauka ya yarda.

Na tashi daga Jidda a farkon bazara, da dabino, da turare, da jarkar zamzam, da jallabiyoyi sababbi. Alhaji Isa ya raka ni tashar mota, ya ja ni gefe ya ce kada in kuskura in dawo ban kawo masa man ayu ba, tunda ƙanena a bakin kogi yake.

Daga Kano na bi mota zuwa Argungu, na yi kwana uku ina gaishe-gaishe, sannan na nufi Kamba. A motar Kamba mu biyu aka cusa a kujerar gaba, ni da wani dillalin albasa mai ƙiba. Bakina kuma ya ƙi barin Larabci. Na ce wa direba "yalla," na ce wa mai sayar da ruwa "kam?" Wata tsohuwa a baya ta ce, "Alhaji, ka sauka daga jirgin mana, ai ka iso gida." Aka yi ta dariya har muka wuce gari biyu.

A kan iyaka wani jami'in Nijar ya nemi katin rigakafina. Na zazzage jaka kaf kafin in same shi a cikin aljihun wata jallabiya. Ya buɗe fasfona, ya ga hatiman Saudiyya shafi bayan shafi, ya ɗago ya dube ni.

"Alhaji, ina zuwa?"

Na gaya masa.

"Ikon Allah. Mu muna roƙon Allah ya kai mu Makka, kai ka baro ta ka zo kallon dorina?"

Sai ya rage murya ya tambaye ni ko ina da zamzam, mahaifiyarsa na fama da ciwon ido. Na tsiyaya masa a ƙaramar gora. Ya rubuta sunanta a 'yar takarda ya ce in ambace ta in na je ɗawafi. Na ambace ta kuwa, ranar da na dawo.

Daga Gaya sai jar hanya, a bayan a-kori-kura, tsakanin buhunan gishiri da wata akuya da ta ƙudiri aniyar cin gefen rigata. Taya ta fashe sau ɗaya. Muka zauna gindin tsamiya, wata Bafulatana ta dama mana fura. Na daɗe ban sha irinta ba, har na ji kunyar neman ƙari, amma na nema.

La'asar sakaliya muka isa ƙauyen da hanya ta ƙare. Shekara tara rabona da Garba. Na tsaya ina neman saurayi siriri, sai wani ƙaƙƙarfan mutum mai furfura a gemu ya durƙusa a gabana ya ce, "Yaya, sannu da hanya." Muryar Baba ce sak. Na kama hannunsa na ɗago shi. Matarsa Hajo ta kawo ruwa, yaran suka gaishe ni suna leƙen jakata. Na lura Hajo ba ta sake da ni ba, amma na ɗauka kunya ce.

Masaukin yana can gaba, sai an shiga jirgi. Muna tsakiyar ruwa na shanye ruwan gorar roba, na wurga ta kogi ba tare da tunanin komai ba. Garba ya gani. Ya rage wutar inji, ya karkata jirgi, muka koma baya, ya sa filafili ya janyo gorar ya jefa ta cikin wani buhu da ke ƙarƙashin kujera. Buhun cike yake da irinta.

"Saboda wannan 'yar gorar ka juya jirgi?"

"Ka yi haƙuri, Yaya. Ba ma barin ko ɗaya a ruwa. Bara mun tsinci maraƙi a mace, da aka farke shi leda ce cike da ciki."

Na ji zafin abin, ƙane ya gyara wa wansa zama.

To, jama'a, ga masaukin da kuke ta tambaya. Ɗakuna ne na laka guda takwas, zagayayyu, da rufin ciyawa, a jere ƙarƙashin itatuwan kanya da giginya. Ba a sare ko bishiya ɗaya ba wajen gininsu, har akwai ɗakin da aka karkatar da ƙofarsa don wata kuka. Cikin ɗaki gadon kara ne da katifa mai kyau da gidan sauro, da randa a kusurwa da moɗa a kanta. Babu mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, babu ko fanka. Wuta daga faifan sola take, fitila ɗaya a kowane ɗaki. Shugabar wurin wata Bazabarma ce, Madam Fati, mace mai fara'a da Hausa a bakinta rangaɗaɗau. Ita ta zagaya da ni.

Da muka zo ban-ɗaki na tsaya cak. Kujera ce mai tsabta a kan rami, da bokitin garin katako a gefe. In ka gama sai ka ɗebi gwangwani ɗaya ka zuba. Buta dai tana nan, alhamdu lillahi. Na leƙa baya, na leƙa ƙasa, babu bututu ko ɗaya.

"Madam, da a Makka haka ake yi, da yunwa ta kashe ni."

Ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Ta ce ba sa son ƙazanta ta gangara kogin da ƙauye ke sha. Abin mamaki kuma, ko wari babu.

Wanka kuwa guga ne ake cikawa a rataye a sama, rana ta ɗumama shi, ka murɗa 'yar famfo ya zubo. Guga ɗaya ne rabonka. Ranar farko na saki ruwa yadda na saba, ina cikin kumfa har ido sai ruwa ya ɗauke. Da ruwan buta na ƙarasa. Ina goge jiki ina tuna alhazan da ke barin famfo a buɗe su tafi Harami, mu kuma mu kwana kiran motar ruwa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, duk abin da muka gudu a ƙauye, laka da ciyawa da randa, shi waɗannan mutane suka ƙetare teku suka zo nema. Akwai wasu tsofaffi miji da mata daga Faransa, wannan zuwansu na huɗu. Mijin ba ya rabuwa da madubin hangen nesa, tsuntsaye kawai yake bi yana rubutawa a littafi. Da ya ga belbela sai ya kama hannun matarsa kamar ya ga wata sabon kamawa. Amma fa ɗakin lakar nan, in ka shiga da azahar, sanyinsa ba ya sa ciwon gaɓoɓi irin na mukayyif. Na yi barcin rana da ban yi irinsa ba a shekaru.

Abinci duk daga ƙauyen yake. Shinkafar fadama da miyar giwan ruwa, dambun zogale, gasasshiyar karfasa da yaji. Matan ƙauye ke dafawa bi da bi. Turawan na ci da cokali suna tsince ƙaya da wuƙa, ni na wanke hannu na nuna musu yadda ɗan basarke ke cin kifi. Kwana biyu tsohuwar ta ajiye cokali.

Washegari na shirya fita daji. Na sa farar jallabiya sabuwa, na fesa turaren udu. Garba ya gan ni ya sunkuyar da kai.

"Yaya, da ka canza. Farin nan daga nesa dabba za ta hango ka. Turaren kuma ƙudan zuma zai kira mana."

Haka na cire na sa tsohuwar rigarsa mai ruwan ƙasa, wadda ta tsaya mini a cibiya. Da muka dawo na tarar gwaggon biri ya shiga ta tagar da na bari a buɗe, ya ɗauke kwalin dabino ɗaya. Yana zaune kan reshe yana ci yana tofar da ƙwallo a bakin ƙofata. Dabinon Madina, wanda na yi wa kawu tanadi. Madam Fati ta ce in yi haƙuri, shi ma ya sami tsarabar Alhaji.

Birin nan dai ya ba ni aiki. Shi da 'yan'uwansa sun finciko bututun da ke jan ruwa daga rijiya, injin yana ta zuƙar iska. An aika Gaya neman mai gyara, an ce sai bayan kwana uku. Na ce a ba ni tsohuwar tayar keke da wuƙa. Zaren naɗe bututu kuwa ba ya barin aljihuna ko sallar Idi za ni. Kafin azahar ruwa ya hau tanki. Daga ranar masu girki suka riƙa ƙara mini kan kifi.

A ranar ne kuma na isar da saƙon Alhaji Isa. Garba ya daina murmushi. Ya ce ayu ya kusa ƙarewa a ruwan nan, sai ka shekara ba ka ga hancin ɗaya ba, kuma mafi yawan abin da ake sayarwa a kwalba man kifi ne. Ya ce shi kansa yana cikin masu tsaron su. Na tuna yadda Baba ke dawowa da ayu, gari ya ɗauki guɗa. Alhaji Isa, ka ji dalili, ka daina harara ta.

Rana ta uku bayan sallar asuba muka shiga jirgi, ni da tsofaffin nan biyu. Da muka kusa wata kwana Garba ya kashe inji, ya riƙa buga gefen jirgi da filafili a hankali. Ya ce sallama yake yi wa dorina, ba ta son a zo mata ba zato. Can sai ga kunnuwa da idanu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Muna cikin kallo ya ɗaga hannu.

"Kowa ya zauna daidai. Kada wanda ya motsa."

Ni ban ga komai ba sai wani ɗan layi a kan ruwa yana tahowa. Garba ya kafa gorar tuƙi a ƙasa, ya tura jirgi gefe da ƙarfi ɗaya, muka shige cikin ciyawa inda ruwa bai kai gwiwa ba. A daidai inda muka baro wata ƙatuwar dorina ta ɓullo, ta wage baki har na ga cikin maƙogwaronta. Ruwa ya fantsamo mana. Duk addu'ar da na sani ta zo bakina a lokaci ɗaya. Garba kuwa ko numfashinsa bai canza ba. Ya nuna mana ɗan ƙaramin kai a bayanta.

"Jego take yi. Kwana shida ke nan. Ba faɗa take nema ba, hanya take so." Sai ya yi wa Turawan bayani da Faransanci. Ban ma san yana ji ba.

Da yamma ya kai mu wani mashaya, muka laɓe bayan duwatsu. Mun fi awa muna jira, har na fara gyangyaɗi. Sai na ji reshe ya karye. Giwaye ne, sun fi goma, suna saukowa a jere, ƙanana a tsakiya. Duk girman nan ba ka jin takunsu. Garba ya raɗa mini cewa ta gaban ita ce uwar garke, mai karyayyen haure, ya san ta tun zuwansa. Ya san wadda ta haihu bara, ya san wanda aka kora daga garke. Na ce subhanallahi ban san sau nawa ba. Na haddace surar giwa tun ina yaro, na zauna shekara ashirin da biyu a garin da aka yi abin, amma sai ranar na ga halittar.

Muna dawowa muka tarar wani tsoho yana jiran Garba a bakin ruwa, ransa a ɓace. Dorina ta shiga gonar shinkafarsa. Ya rantse zai nemo mai bindiga. Garba ya zauna a ƙasa kusa da shi, ya bar shi ya gama faɗa, sannan ya ce jibi zai tara samari a haƙa rami a kewaye gonar, kuma zai yi magana da Madam Fati a taimaka masa da iri. Tsohon ya tafi yana sa masa albarka. Madam Fati ta ce mini, "Alhaji, in ba don ƙanenka ba, da tuni an raba mu da ƙauyen nan."

Duk da haka ban fasa abin da ya kawo ni ba. Rana ta huɗu bayan azahar na kira shi gindin kuka, na fito da takardar kafil. Na lissafa masa komai: ɗaki a unguwar Ka'akiyya kusa da ni, asibiti, salla a Harami duk lokacin da ya so.

Ya daɗe yana kallon takardar, ko da yake ba ya karanta Larabci irin na ofis.

"Yaya, aikin mene ne?"

"Tankunan ruwa. Ka duba su safe da yamma, ka kira mota in sun yi ƙasa."

"A saman bene?"

"Da ƙarƙashin ƙasa."

Ya gyaɗa kai. "Su Hajo fa?"

"Sai a hankali. Ka san iƙama, takardar izinin zaman iyali, ba ta samuwa da wuri." Ban gaya masa ni sai da na shekara goma sha ɗaya kafin tawa matar ta iso ba. Ya sani.

"Wallahi ina son in ga Ka'aba kafin in mutu," in ji shi. "Amma in je in gani in dawo. Ni ruwan nan na sani, Yaya. A can ban san abin da zan zama ba." Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da fasfo sabo fil, a naɗe cikin ƙyalle. Ashe tun da na yi waya ya je ya yi. Ya ajiye a gabana da hannu biyu. "Amma kai ne Baba yanzu. In ka ce in tafi, na tafi."

Na ɗauka na sa a aljihu. Abin da na zo nema ke nan, na samu ba tare da gardama ba. Amma wunin ranar kifin bai yi mini daɗi ba. Na zauna a bakin ruwa ina kallon sa yana wanke jirgi, yana duba igiya, yana yi wa tsohon Bature dariya. Na yi ƙoƙarin ganin sa a ɗakin injin da ke ƙarƙashin ginin kafil, inda nake sauka kullum da tocila, inda ba ka sanin rana ta fito ko ta faɗi. Na kasa. Ni na saba, kuma ina gode wa Allah, Makka ta rufa mini asiri. Amma ni na je ina saurayi, ban bar komai a baya ba sai talauci.

Washegari da hantsi ya mai da ni ƙauye inda mota ke jira. Madam Fati ta ba ni zuma a kwalba, tsohuwar Baturiya ta ce mini "sai wata rana" da Hausar da ta koya.

Hajo na tsaye a bakin ruwa da ƙunshin busasshen kifi. Idanunta sun kumbura. Ta durƙusa ta miƙo mini.

"Yaya Alhaji, ga wannan a kai wa Hajiya. Allah ya kiyaye hanya." Ta sunkuyar da kai. "Yaushe za a aiko masa?"

Na karɓi kifin. Na fito da fasfon na ɗora a hannunta da ke buɗe.

"Ki adana masa wannan a ƙasan akwati, kada gara ta taɓa. In Allah ya nufa zan aiko muku ku biyu ku yi Umra, ku yi mini sati biyu, ku dawo gidanku."

Ta dubi fasfon, ta dube ni, ta dubi mijinta. Sai ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Garba ya juya baya yana ɗaure igiyar jirgin da ya riga ya ɗaure.

Direba ya danna oda. Na hau, aka ba ni wuri kusa da buhun gawayi. Sai da mota ta fara tafiya Garba ya biyo ta da sauri, ya kama ƙarfen baya, yana tafe yana haki.

"Yaya! Na gode."

"Koma," na ce masa. "Tsohon nan na jiran ka a gona."

Ya saki ƙarfen ya tsaya a tsakiyar hanya, hannunsa a sama, har muka sha kwana.